Binciken mulkin ƙananan hukumomi a karkarar Jigawa

Mai son nazarin ƙananan hukumomi 27 na Jigawa ya fara da Kundin Tsarin Mulki na 1999, sashe na 7, wanda ya tanadi tsarin ƙananan hukumomi, da na 162, wanda ya kafa asusun haɗin gwiwa tsakaninsu da jiha. Ya haɗa da hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024, da ya ce a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye.

Sai dai takarda kaɗai ba ta nuna inda kuɗin ke maƙalewa. Ka nemi kasafin kuɗi a sakatariya, sannan ka je ka ga rijiyar burtsatsen da aka rubuta an haƙa. Kafin ka fara tambayoyi, ka gaida dagaci da mai unguwa. In ka tsallake su, za a ɗauka mai karɓar haraji ne kai, kowa ya yi gum. Kuma ka guji damina, da safe duk mutane suna gona.