Mai madubi ko marar madubi: wace kyamara ta dace da aikin hoto a Kaduna?

A wurin kamfanoni an riga an raba gardama. Panasonic ta fara fito da marar madubi a 2008 da samfurin G1, Sony ta kawo A7 mai babbar sensa (farantin da ke ɗaukar hoto a cikin kyamara) a 2013, sai Canon da Nikon suka biyo baya a 2018 da EOS R da Z6 da Z7. Manyan kyamarori masu madubi (DSLR) na ƙarshe da kamfanonin biyu suka yi, wato 1D X Mark III da D6, tun 2020 suka fito, kuma yanzu sabbin lens na marasa madubi ne ake ta yi. Amma mai ɗaukar biki a Tudun Wada ko Kawo lissafinsa daban ne, domin shi da ƙura da rashin wuta da tsadar dala yake fama.

A cikin DSLR akwai madubi da ke karkatar da haske zuwa tagar leƙe, wani ɓangaren hasken kuma ya sauka kan wata 'yar na'ura a ƙasa mai auna fokas. Tunda wurin awo daban yake da sensar da ke ɗaukar hoton, ƙaramin saɓani tsakaninsu kan sa ka saita idon amarya, hoto ya fito kunnenta ne ya fi kaifi. Yana yawan faruwa da lens mai buɗewa sosai, irin f/1.8 ko f/1.4. Manyan DSLR suna da wurin gyara wannan a cikin saiti, amma ƙanana irin Nikon D3500 ba su da shi. Marar madubi kuwa a kan sensar kanta take auna fokas, shi ya sa take iya bin idon mutum ko yana tafiya. Ga mai ɗaukar kamu ko dina, inda ba a sake shigowar amarya sau biyu, wannan kaɗai ya isa dalili.

Sai dai batir. A ma'aunin masana'antun, a cikin DSLR, D3500 na ɗaukar hoto 1,550 da caji ɗaya, Nikon D750 na yin 1,230, Canon 5D Mark IV 900. A marasa madubi, Sony A7 III na kai 710, Canon EOS RP kuwa 250 kacal, saboda sensa da allo suna cin wuta muddin kyamara na kunne. Wanda zai wuni a hawan Sallah a Zariya da RP, ya tanadi batir uku ko huɗu, kuma ya sa kuɗinsu cikin farashi tun kafin ya saya. Batirin jabu ya cika kasuwa, yakan kumbura ya maƙale a ciki.

Ƙurar hunturu ita ce abin da masu sayarwa ba sa faɗa. Idan ka cire lens a DSLR, madubi da shata (labulen da ke buɗewa lokacin ɗaukar hoto) suna kare sensa. A yawancin marasa madubi sensar a tsirara take, tazararta da bakin kyamara milimita 16 a Nikon Z, 18 a Sony, 20 a Canon RF. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kada a canza lens a fili. A kashe kyamara, a kifa bakinta ƙasa, a yi a cikin mota ko ɗaki. Don duba ƙura, sa f/16 ka ɗauki farin bango, ɗigo-ɗigon za su fito. Da robar hura iska ake cire su. Hurawa da baki na barin yawu, goge sensa da hannun riga kuma na iya karce ta har abada.

A ɗakin taro mai fitilun LED, shatar lantarki marar ƙara kan jawo layi-layi a hoto, domin wutarmu a kan 50Hz take. A koma shatar inji, ko a sa gudun shata 1/50 ko 1/100.

Wanda ke da tarin lens ba sai ya zubar ba. Adaftar EF zuwa RF ta Canon, mai ɗora lens na DSLR a kan marar madubi, na aiki lafiya. FTZ ta Nikon ma haka, sai dai tsofaffin lens na AF-D ba za su yi fokas da kansu ba, sai da hannu.

A ganina, mai ɗaukar fasfo, hoton situdiyo ko na 'yan makaranta ya sayi DSLR ta hannu, tunda masu sauya sheƙa a Turai da Amurka sun sa ta yi araha, ragowar kuɗin ya zuba a lens 50mm f/1.8 da fitila. Mai bidiyon biki ya lallaɓa ya kai ga marar madubi. Kafin a biya kuɗin ta hannu a duba adadin bugun shata: D750 da 5D Mark IV an ƙiyasta musu 150,000, don haka wadda ta haura 120,000 sai an yi ragi sosai. A haska tocila cikin lens a duba fumfuna, domin damina na lalata gilashin da aka ajiye cikin jaka a rufe.