Wata huɗu na rataye bindiga: takardun maharbi, dajin da zai shiga, da inda kuɗinsa ke tafiya

Wanda ya taɓa shiga Atwemonom da sassafe, kasuwar naman daji ta Kumasi a ƙasar Ghana, ya san ƙaurin gashin gyazbi da ake babbakawa da kuma layin matan da ke jiran motocin ƙauye su sauke kaya. Daga 1 ga Agusta har 1 ga Disamba, kowace shekara, yawancin naman da aka saba gani a teburan nan doka ta hana a harbe shi, a kama shi, ko a sayar. Ƙa'idar tana cikin dokar kare namun daji ta 1971, wadda ma'aikata ke kira L.I. 685, kuma sashen namun daji na Hukumar Gandun Daji ne ke shelanta ta duk shekara. Gyazbi kaɗai aka cire, wanda Asante ke kira akrantie, shi ma sai da lasisi.

Mutane da yawa a unguwannin Aboabo da Asawase na Kumasi suna ɗaukar wannan rufewa a matsayin fitinar gwamnati kawai. Amma lissafi ne. Gyazbi tana ɗaukar ciki kamar wata biyar, ta haifi 'ya'ya wajen huɗu, kuma tana iya haihuwa sau biyu a shekara. Ga shi tana ɓarna a gonar masara da rogo, manomi ma neman kai yake da ita. Mazo kuwa cikinta wata shida ne, ɗa guda. Gada ma ɗaya take haifa. Idan ka kayar da mazo mace a Satumba, mai yiwuwa da ciki ko tana shayarwa, ka kashe biyu da harsashi guda, kuma gurbin ba zai cike ba sai bayan shekara ko fiye. Shi ya sa ko bayan an buɗe daji a Disamba, doka ba ta yarda a harbi ƙaramar dabba ko uwa mai tafe da ɗanta ba. Akwai kuma waɗanda babu watan da suka halatta: giwa, dorina, damisa, kada, ɗan kunya mai ɓawo a jiki. Ɗan kunya shi ya fi jefa mutanen kirki cikin rigima, domin ba ya gudu, naɗe kansa yake yi kamar gammo, yaro ma sai ya ɗauke shi ya kawo bakin titi.

Takardu uku ne, kuma kowacce da mai ba da ita. Ta farko lasisin bindiga, daga 'yan sanda, ana sabunta shi duk shekara. Wannan izinin riƙe bindiga ne kawai. Bai ba ka damar harbin ko zomo ba, kuma nan ne mafi yawan maharba ke faɗawa. Ta biyu lasisin farauta daga sashen namun daji, wanda ake rubuta irin dabbar da adadinta a jikinsa. Ta uku ta mai sayarwa ce: lasisin cinikin naman daji daga majalisar gunduma, wanda ya shigo da gyaran dokar da aka yi a 1989. Mai tebur da ta sayi nama daga hannun maharbi marar lasisi ta sa kanta cikin laifinsa. Ka riƙe ainihin rasit, ka ɗauki hotonsa a waya, ka sa takardar a leda. Raɓar asuba da gumi suna cinye tawada cikin fita biyu.

Akwai ta huɗu da ba a rubuta ta a ofis, ita ce ta fi shafar ɗan Zango. Kusan kashi 80 cikin ɗari na ƙasar Ghana tana hannun sarakuna da iyalai ne, sarautar da ake hawa kujera a kudu, wadda ake zama kan buzu a arewa. Babu wani "dajin kowa" da za ka ajiye mashin ka kutsa. Bahaushen Kumasi, ko da kakansa a Alabar aka haife shi, baƙo ne a dajin Kumawu ko na Ejura. Ka fara zuwa wajen mai gari ta hannun mai magana da yawunsa, ka gaishe su yadda suka saba, ka faɗi ranar da za ka shiga da mutum nawa. Ka tambayi abu uku: ina kurmin da suke tsarkakewa, wace rana ce ba a shiga daji, ina iyakarsu da gandun gwamnati. Iyakar nan sau da yawa ɗan turken siminti ne da ciyawa ta rufe, kuma ma'aikacin daji ba ya karɓar "ban gani ba". Bomfobiri kusa da Kumawu, da Owabi a gefen Kumasi, wuraren kariya ne: babu farauta a cikinsu ko da lasisinka ya kai goma.

Yadda ake farautar ma yana da nasa haramun. An hana tarkon ƙarfe mai haƙora, an hana guba, an hana fitila, an hana farautar gayya ba da izini ba. Na san wannan ta ƙarshe tana yi wa mutanenmu ciwo, domin fita da karnuka da gora da kiɗa gado ne. Amma dubi abin da ke faruwa. Gayya da rani ba ta rabuwa da wuta, kuma wutar da aka cinna don a fitar da gafiya guda tana iya lashe gonar koko da aka shekara biyar ana jira. Dattawa ba su manta gobarar daji da yunwar 1983 ba, dokar hana ƙona daji ta 1990 ma daga wannan darasi ta fito. Fitilar goshi kuwa idanu biyu kawai take nuna maka. Ba ka san mace ce ko namiji ba, ba ka san da ɗa a bayanta ba, wani lokaci ma ba dabba ba ce, ɗan'uwanka maharbi ne ya tsuguna. Tarkon waya ba ya zaɓe, kuma idan ba a duba shi kullum ba naman ya kumbura kafin a zo, ga Musulmi kuma mushe ne. Naman da aka kama da guba ana gasa shi har ya yi baƙi don a ɓoye, ya ƙare a tukunyar miyar wani.

Bindiga mai baki ɗaya da ake ɗura wa harsashin AA ko BB tana kashewa da kyau ne a cikin taku talatin zuwa talatin da biyar. Bayan haka ƙwayoyin gubar dalma sun watse, dabbar ta tafi da rauni ta mutu a inda ba za ka same ta ba. Ka ambaci sunan Allah kafin ka ja kunama, idan ka tarar da sauran rai ka yanka nan take, ka fitar da kayan ciki kafin rana ta ɗaga.

To, kuɗin fa? Nan ne nake ganin maharba suna da gaskiya idan suka yi ƙorafi. Mutum ya biya lasisi bai ga ma'aikaci ya ƙaru ba, bai ga an share iyaka ba, ya ga gidaje suna hawa kan ƙasar da ke tara wa madatsar Owabi ruwa, ya ga 'yan galamse masu haƙar zinariya ba bisa doka ba sun mai da kogin Offin kamar kunu. Me zai sa ya sake biya? A Amurka sun warware wannan tun 1937 da dokar Pittman-Robertson: harajin kashi 11 cikin ɗari a kan dogayen bindigogi da harsasai, ana tara shi wuri guda a raba wa jihohi, rabi gwargwadon faɗin ƙasa, rabi gwargwadon yawan masu lasisin farauta. Gwamnatin tarayya ta biya kashi 75 na aiki, jiha ta kawo 25. Abin da ya riƙe tsarin shi ne sharaɗi guda: jihar da ta karkatar da kuɗin lasisi zuwa wani abu ta rasa rabonta. A 1950 suka yi wa kayan kamun kifi irin wannan da dokar Dingell-Johnson. Maharban can da kansu suka goyi bayan a sa musu harajin, domin sun san inda zai faɗa.

Ba za a kwafo shi yadda yake ba. Su suna da ƙasar gwamnatin tarayya sama da eka miliyan 600, mu ƙasarmu tana hannun sarakuna, kuma bindigogi da yawa a ƙauye aikin maƙera ne da ba su cikin littafin kowa. Amma harsashi shigo da shi ake yi, yana bi ta hannun kwastan, ana iya ƙirga shi kwali-kwali. Ɗan kaso a kan kowane kwali, a asusun da doka ta ɗaure shi ga aikin namun daji, da rahoton shekara da kowa zai iya karantawa, ya fi bin maharba ɗaya-ɗaya a daji sauƙi nesa ba kusa ba.

Ɓangaren da ya riga ya fara aiki a nan shi ne wanda ake kira CREMA: ƙauyuka su haɗu, su zana iyaka, su rubuta dokokinsu, majalisar gunduma ta amince, gwamnati ta miƙa musu ikon kula da namun dajin wurin da cin amfaninsu. Sabuwar dokar namun daji ta 2023 ta ba wannan tsari gindin zama. Wechiau, a bakin kogin Black Volta, ita ce misalin da aka fi sani: tun ƙarshen shekarun 1990 sarakunan yankin suka keɓe wajen kilomita 40 na kogin saboda dorina, kuma kuɗin masu ziyara yana komawa ga ƙauyukan. Mai karatun fiƙihu ba zai ga baƙon abu a nan ba. Hima ce, wato filin da shugaba ke keɓewa don amfanin jama'a, irin wadda aka keɓe a Naƙi'i kusa da Madina tun zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ga maharbin birni, amfanin wannan tsari shi ne akwai kwamitin da za ka je wa, da ƙa'ida a rubuce, maimakon ka dogara da fuskar da mai gari ya tashi da ita ranar.

Abin da ƙungiyoyin maharba na Zango za su iya yi bai fi ƙarfinsu ba. Sarkin baka ya tara sunayen mutanensa da lambobin lasisinsu a littafi guda, a je ofishin namun daji na Kumasi tare a watan Nuwamba, kafin buɗewa, a nemi jerin dabbobi da farashin shekarar a rubuce. A riƙa rubuta abin da aka kama: rana, wuri, iri, mace ko namiji. Littafin shekara uku irin wannan shi zai nuna ko gada tana raguwa a wani daji tun kafin ta ƙare, kuma ranar da za a zauna da majalisar gunduma kan wa zai shiga ina, mai littafi shi ake saurara. A watannin rufewa kuma, masu hali su gwada kiwon gyazbi: namiji guda da mata huɗu a keji na siminti da waya, ciyawar giwa da karan masara da ɓawon rogo. A raba mace mai ciki da namiji kafin ta haihu, kuma kada a ba su jiƙaƙƙiyar ciyawar asuba sai ta sha iska, domin ita ke kawo musu zawo da kumburin ciki.