Laraba, ranar ruwa: gauraka da maciji

Tun asuba ake ruwa, ba fita. Na ɗauko gajerun labarai biyu na Koriya ta Kudu na sake bi a hankali, da alƙalami a hannu.

Na farko shi ne "Hak", wato gauraka, na Hwang Sun-won, wanda ya fito a 1953, shekarar da aka tsagaita wutar yaƙin Koriya a Panmunjom. Songsam da Tokchae abokai ne tun suna yara, a wani ƙauye daf da layin nan na 38 da aka raba Koriya gida biyu, Kudu da Arewa, a kansa a 1945. An kama Tokchae saboda ya riƙe mataimakin shugaban ƙungiyar manoma lokacin da 'yan kwaminisancin Koriya ta Arewa ke iko da garin, Songsam kuma ya ce shi zai raka shi a ɗaure zuwa inda za a yi masa hukunci. A hanya Songsam ya tambaye shi abin da ya hana shi gudu. Amsar ba ta siyasa ba ce: tsohonsa na kwance ba lafiya, ga gona, ga mata da ciki. Da suka iso fadamar da suka taɓa kama gauraka suna 'yan shekara 12, suka kuma sake ta da suka ji maharbi na tafe, sai Songsam ya kwance igiyar, ya ce wa abokinsa ya je ya koro masa tsuntsu. Da farko Tokchae ya zaci harbe shi za a yi ta baya. Sai daga baya ya gane, ya shige ciyawa.

Babu inda marubucin ya tsaya yana wa'azin haɗa ƙasa. Akwai dokar tsaron ƙasa tun 1948, kuma tausaya wa ɗan kwaminisanci a fili na iya jawo wa mutum ɗauri. Har a 1994 sai da aka kai ƙarar Jo Jung-rae kan littafinsa mai juzu'i 10, "Taebaek Sanmaek", ba a wanke shi ba sai 2005. Don haka maganar takan ɓuya a cikin igiya da tsuntsu.

Na biyun ya fi cin mini lokaci: "Jangma", damina mai tsawo, na Yun Heung-gil, 1973. Kakanni mata biyu na yaron da ke ba da labarin, a gida ɗaya. Ɗan kakar wajen uwa soja ne na Kudu, an kashe shi. Ɗan kakar wajen uba yana kan duwatsu da 'yan sari-ka-noƙe masu goyon bayan Arewa. Ta wajen uwa ta tsine wa mutanen dutsen a gaban kowa, gaba ta ɓarke. Boka ya faɗi rana da sa'ar da na dutsen zai dawo, aka yi girki, aka share gida, sai ga ƙaton maciji ya shigo, yara na jifansa. Uwar na dutsen ta suma. Wadda ta yi tsinuwar ce ta kori yaran, ta lallashi macijin kamar mutum, ta ƙona gashin kan surukarta, har ya sauko daga bishiya ya bi ta cikin gora ya tafi.

A nan fassara ke tuntuɓe. Koriyanci ya raba samchon, ɗan'uwan uba, da oesamchon, ɗan'uwan uwa, Turanci kuwa kalma ɗaya gare shi, sai mai karatu ya rikice kan wane ne a wane ɓangare. Mu muna da baffa da kawu, daidai wa daida. Kaka ce matsalarmu, dole a riƙa ƙara "ta wajen uwa" da "ta wajen uba". Gauraka ma ba tamu ba ce sak: tasu fara ce mai jan tambari a ka. Macijin kuma irin marar dafi ne, wanda ake ɗauka mai tsaron gida. Wanda ya fassara shi da kububuwa ya kashe labarin.

Da la'asar ruwan ya ɗauke. Gobe "Gwangjang" na Choi In-hun, 1960, inda fursunan yaƙi ya ƙi Kudu ya ƙi Arewa, ya hau jirgin ruwa zuwa Indiya.