Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Askar Baffa

Makon jiya na tsaya a rasuwar Baba, da yadda zabira ta koma hannun Baffa. Niyyata yau in ba ku labarin tafiyata Kano, amma ranar Alhamis a kasuwar Dole ta Damagaram na ga wani saurayi, haɓarsa da wuyansa duk tusar jaki, ƙanana-ƙanana, sun jeru daidai inda aska ta bi. Tun ranar abin yake cina. Kano ta jira.

Gidanmu a Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, gidan wanzamai ne, ba sai na faɗa ba. Ina shekara 14 na fara riƙe wa Baffa zabira. Safiyar Juma'a mukan yi kai 20 ko fiye a zaure, da aska ɗaya, tsumma ɗaya, ƙoƙon ruwa ɗaya, don kun san halin ruwa a Damagaram, ba a zubar da shi saboda an jiƙa kan mutum guda. In ya gama da wannan sai ya shafa askar a tafin hannu, ya ce na gaba ya matso. In wani ya yi ƙorafi, amsarsa ɗaya ce: "Askar gado ba ta cuta." Na ji wannan magana har ta zauna mini kamar karatun allo.

Tawa tusar jakin ta fara ne a babban yatsa, guda ɗaya mai kaushi, da ɗigo-ɗigon baƙi a tsakiya. Inna ta ce iri ne, in ba a tono shi ba zai haihu. Na sa aska na yanke, jini ya zuba, na goge da tsumman aiki, da askar kuma na gyara gemuna da yamma. Aka ɗiga mini ruwan tumfafiya har fatar gefe ta saɓule. Bayan wata uku ko huɗu sai ga su a haɓa, sun fi goma. Ina neman aure a lokacin. Wanda bai taɓa zama gaban iyayen yarinya yana rufe haɓa da rawani ba, ba zai gane ba.

A 1994, shekarar da aka karya darajar sefa, wani malamin asibiti da nake yi wa aski ya riƙe hannuna ya duba. Ya ce: "Malam, wannan ƙwayar cuta ce, HPV muke kiranta. Ta kafar da fata ta tsage take shiga, ko tsagar da ido ba ya gani." Ɗigon nan baƙi kuma jijiyoyin jini ne ƙanana da suka toshe. Abin da ya fi tsaya mini shi ne da ya ce ƙwayar takan kwanta makonni, har watanni, kafin ta tsiro. Nan na gane dalilin da Baffa bai taɓa zargin askarsa ba. Wanda aka yi wa aski da ƙaramar salla, abin ya fito masa bayan babbar salla, yaya zai tuna da wanzami? Sai ya ce jaki ne, ko baki, ko sammu.

Na kai maganar zaure. Kuskurena ɗaya, na faɗa a gaban mutane. Na ce: "Baffa, Allah ya ba ka haƙuri, mu riƙa sa wa kowa sabuwar reza, inda tsiro yake kuma mu kewaye shi." Ya dube ni ya daɗe. Ya ce: "Kai da na koya wa riƙon aska? Askar gado ba ta cuta." Washegari ya miƙa zabirar Baba, ta ubana, ga ɗansa. Har yau ban ce na yafe wannan ba, kuma ba zan rubuta abin da ba ya zuciyata ba.

Na kafa benci a unguwar Zango da kwalin reza, ga kaya sun yi tsada. Na ƙara dala biyu a kan aski, rabin mutanena suka gudu. Ana cewa ɗan gidan wanzamai ya zama bature. Ban ma san a lokacin ba cewa reza ɗaya tana iya ɗaukar abin da ya fi tusar jaki muni, ciwon hanta da ƙanjamau. Wannan daga baya rediyo ta yi ta faɗa, kuma babu wanda ya zo ya ce mini ashe da gaskiyarka.

Shekaru da yawa bayan haka tusar jakin ta fito wa 'yata ta biyu a gefen farce, ita kuwa mai cin farce ce. Gwaggonninta suka zo da allura za su ƙona. Na hana. Na liƙa mata filasta don kada ta sosa ko ta kai baki, na ware mata tawul da abin yanke farce, na ce ko dutsen goge kaushi kada ta haɗa da ƙannenta, in ta taɓa wurin ta wanke hannu da sabulu. Kafin shekara biyu ta baje da kanta, kamar yadda takan yi wa yara da yawa, kuma cikin ƙannenta huɗu babu wanda ya ɗauka. Da Baffa na da rai da na kai masa hannayensu ya duba ɗaya bayan ɗaya. Na san abin da zai ce.

Saurayin kasuwar Dole kuwa, na tambaye shi wa ke masa aski. Ya kwatanta mini zauren, ashe namu ne, jikan Baffa ke zaune a wurin yanzu. Na ce ya bar aske haɓar har ya je asibiti a duba, in gemun ya dame shi ya rage da almakashinsa shi kaɗai. Juma'ar nan zan shiga Birni da kwalin reza biyu. Wannan karon zan jira mutane su watse kafin in buɗe baki.