Kwana uku a duwatsun Shere

Duk wanda ya tashi a Jos ya san duwatsun Shere da ido. In ka bi hanyar Lamingo za ka hango su gabas da gari, sun yi sahu cikin hazo. Sau ɗaya na taɓa hawansu, cikin watan Agusta, muka je da safe muka dawo da la'asar, ko'ina kore shar, ruwa na gangarowa ta kowane tsagi. Wannan zuwa ɗaya shi ya sa abokaina suka ɗora mini shirin tafiya da muka yanke shawarar komawa a Disamba, mu kwana biyu a can mu sauko rana ta uku.

Mu biyar ne, tun sakandare muke tare. Akwai babbanmu da muke ce wa Yaya, wanda ya taɓa yin kwas a cibiyar horaswa ta Man O' War da ke gindin duwatsun, da Malam mai koyarwa a islamiyya, da Direba, da ni, sai Tela. Tela wuni yake zaune a kan keken ɗinki a shagonsa, jikinsa ya yi nauyi, amma ya fi kowa ɗokin tafiyar. Har sabon kambas ya saya dominta.

A Katako muka yi sayayyar gwanjo: rigunan sanyi, barguna, huluna da safa. Tanti biyu aro muka yi. Guzuri kuwa garin kwaki ne da ƙuli-ƙuli, dabino, kilishi, Indomie da kayan shayi. Ruwa na ce kowa ya riƙe lita uku, sauran ma ɗiba a ƙoramu. Da na je sallama, Inna ta dube ni ta ce, "Me aka ajiye muku a kan dutse cikin sanyin nan?" Ba ta sa albarka ba sai da na yi mata alkawarin ba za mu shiga ba tare da ɗan gari ba.

Yaya ma a kan haka ya tsaya. Muka fara zuwa gaida mai unguwar ƙauyen da za mu tashi daga cikinsa, mutanen Afizere ne, waɗanda Hausawa ke kira Jarawa. Muka faɗi ko mu su wane ne, da ranar da za mu sauko. Duk ɗan Jos ya san dalili: tun rikicin 2001 baƙuwar fuska a bayan gari tana tayar da hankali, kuma duwatsun nan ba daji ne marar mai shi ba, akwai gonakin mutane, akwai wuraren da suke girmamawa. Mai unguwa ya haɗa mu da wani dattijo manomi, siriri, da takalmin roba da sanda. Baba muka riƙa kiransa.

Baba bai kalli tantunanmu ba, gorunan ruwa ya kalla.

"'Ya'yana, ruwan ke nan?"

Na ce akwai ƙoramu a sama, na gan su da idona.

"A wane wata ka gan su?"

Da na ce Agusta bai ƙara magana ba. Ya shiga gida ya fito da jarka mai lita goma a cike. Raina bai so ba, domin kowace lita kilo guda ce a gadon baya, amma ba a musu da dattijo a ƙofar gidansa. Muka riƙa karɓa-karɓa da ita.

Ranar farko ta yi daɗi. Muka ratsa gonakin da aka kewaye da ƙerana, an riga an girbe acca, sannan muka fara taka falalen duwatsu. A lissafi hawan ba wani abu ba ne: garin Jos kansa yana kan tudu mai kusan mita 1,200, ƙololuwar Shere kuma wajen mita 1,829, wato abin da ya rage bai fi ɗari shida da 'yan kai ba. Sai dai hanyar ba miƙaƙƙiya ba ce. Ka hau, ka gangara kwari, ka sake hawa, wani wurin sai ka haɗa da hannu. Baba ya nuna mana duwatsun da ake kira Gog da Magog, Malam ya ce ai Yajuju da Majuju ke nan, ya yi ta'awwuzi yana murmushi. Agwada na leƙo mu daga tsagin dutse su koma.

Da dare na san cewa sanyin cikin gari wasa ne. Bargo biyu ne a kaina amma haƙorana na haɗuwa, ashe ta ƙasa sanyin ke shiga, tabarmar roba ba ta tare komai. Baba ya tashe mu muka yanko busasshiyar ciyawa muka shimfiɗa mai kauri a ƙarƙashin tanti, sannan barci ya samu. Wutar da muka hura kuwa sai da ya sa muka share ciyawar kewaye tas, muka jera duwatsu, domin a wannan lokaci tartsatsi ɗaya na iya cinye gefen dutse har gonakin mutane. Can ƙasa fitilun Jos na ƙyalli dishi-dishi. Da asuba kowa ya kakkaɓe takalminsa saboda kunama.

Rana ta biyu ce dalilin wannan rubutu. Na ƙudura sai mun kai ƙololuwa kafin azahar, na shige gaba ni da Direba. Ƙorama ta farko da na sani muka tarar yashi ne da busassun ganye. Ta biyu ma haka. Maimakon in tsaya in faɗa wa 'yan'uwa mu sake lissafi, sai na ƙara sauri, wai in mun gama da wuri ruwan zai ishe mu. Na waiwaya sau biyu na hango Tela can baya yana ɗingishi, na ɗaga masa hannu na ci gaba.

Muryar Malam ce ta tsayar da ni, yana ƙwala kira daga ƙasa, domin waya ba sabis. Na sauko na tarar da Tela kwance a inuwar wani dutse. Leɓɓansa sun yi fari sun tsattsage, tsokar ƙafarsa ta ɗaure tamau, kansa na sara, ya ce tun daren jiya bai yi fitsari ba. Da Yaya ya cire masa sabon kambas ɗin, bororo biyu ne a dugadugansa, ɗaya ya fashe ya manne da safa. Abin da ya fi taɓa ni shi ne gorarsa: kusan a cike take. Na ce, "Ɗan'uwa, me ya hana ka sha?" Ya ce ya ga ƙoramu sun ƙafe, shi kuma shi ke ja mana baya, bai so a ce shi ne kuma ya fara ƙarar da nasa.

Haka hunturu yake yaudara. Busasshiyar iska na ɗauke gumi kafin ka gan shi, sanyi kuma na danne ƙishirwa, jiki na ƙafewa mai shi bai sani ba. Yaya ya haɗa ruwan gishiri da sukari yadda aka koya musu: lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ya riƙa ba shi kurɓi-kurɓi, Malam na matsa masa ƙafa. Daga jarkar Baba aka ɗebi ruwan, wadda jiya nake jin haushin nauyinta.

Baba ya ce in ɗauko ta da tukunya in biyo shi. Muka gangara cikin busasshiyar ƙorama har inda ta yi kwana a gindin wani ɓaure. Ya durƙusa ya fara tonon yashi da hannu da ɓarin ƙwarya. Da ramin ya kai gwiwar hannu yashin ya yi duhu, can sai ga ruwa na tsattsafowa, ja-ja. Muka zauna muna jira ya taru ya kwanta. A nan ne ya ce mini, ba tare da ya ɗago kai ba, "Ɗana, mu in za mu hau da mutane, wanda ya fi rauni shi muke sawa gaba." Ban sami abin cewa ba. Na san Tela shekara ashirin, na san ba ya iya cewa ya gaji, kuma na gan shi yana ɗingishi na wuce.

Muka tace ruwan da ƙyalle, muka tafasa shi sosai kafin kowa ya sha. Malam ya ce wanda ke hannu na sha ne, don haka azahar da la'asar taimama muka yi a kan dutse, muka cika raka'a huɗu-huɗu tunda tafiyar ba ta kai ta ƙasaru ba. Ranar ba mu ƙara taku ba. Da dare na nemi gafarar Tela a gaban kowa. Ya ce, "Haba, wallahi ba komai," amma ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba.

Washegari muka raba kayansa a tsakaninmu, Direba ya ba shi tsohon takalminsa da safa biyu, aka manna filasta a kan bororon. Muka tashi bayan sallar asuba, Baba a gaba, Tela a bayansa, ni a ƙarshe. Duk rabin sa'a Yaya zai ce a tsaya kowa ya sha, ko da ƙishi ko babu. Wajen ƙarfe tara muka kai sama. Hazo ya rufe kusan komai, sai kawunan duwatsu da ke leƙowa, da iska mai neman tuɓe wa mutum hula. Tela ya zauna ya yi shiru, sannan ya ce Malam ya yi mana addu'a.

Saukowa ta fi hawa cin gwiwa. A wata ruga da ke gefen hanya muka sayi kindirmo muka dama da garin kwaki. Ledojinmu da gwangwanaye duk muka ƙullo a buhu muka sauko da su, muka koma muka shaida wa mai unguwa mun fito lafiya, muka sallami Baba.

Mun sa ranar komawa bayan damina ta ɗauke, kafin ƙoramu su ƙafe, kuma lissafina yanzu lita huɗu ne ga kowane mutum a kowace rana. Tela ya fara zagayen filin ƙwallo da asuba da kambas ɗin nan don ya saki. Makon jiya na biya shagonsa na tarar ya karɓo jakunkunanmu duka biyar, yana ɗinka wa kowace aljihu biyu a gefe, daidai faɗin babbar gorar ruwa.