Bin Sawun Masanin Taurari Galileo daga Padua zuwa Arcetri

Zumunci ne ya kai ni Italiya, ba yawon ilimi ba. Wani ƙanena ne ke karatu a Padua, na sauka a Venice na hau jirgin ƙasa, tafiyar da ba ta wuce rabin sa'a ba. Ban gama warware gajiya ba ya ce, "Yaya, ba za ka bar garin nan ba sai ka ga inda Galileo ya koyar." Na ce to, baƙo ai ba ya musu da mai masauki.

Tsohon ginin jami'ar, wanda ake kira Palazzo Bo, yana tsakiyar gari ne, ita kuwa jami'ar tun 1222 aka kafa ta. A wani zaure aka nuna mana mumbarin da ake cewa a kansa Galileo yake tsayawa. Katakai ne kawai aka harhaɗa da 'yar matakala, babu sassaƙa, babu ado. Daga 1592 zuwa 1610 ya koyar da lissafi a nan, kuma daga baya shi da kansa ya ce waɗannan shekaru 18 su ne mafi daɗi a rayuwarsa. A lokacin Padua tana ƙarƙashin Venice, Venice kuwa ba ta cika barin hukumar coci ta Roma ta sa mata baki a harkar malamanta ba. Masanin taurari Copernicus ya karanci likitanci a nan wajen 1501, William Harvey, wanda ya bayyana yadda jini ke zagaya jiki, a nan ya kammala a 1602.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a ginin shi ne ɗakin fiɗar gawa na katako da aka gama wajen 1595. Hawa shida ne, suna ƙara faɗi zuwa sama, ɗalibai na tsaitsaye a matse, kowa yana leƙo teburin da ke ƙasa da hasken kyandir. Mu ta ƙasa aka shigar da mu, daidai inda teburin yake, muka ɗaga kai. A da, malami yakan karanto littafin Galen ne, wani likitan Girka na zamanin da, abin da littafi ya ce shi ke nan. Vesalius, wanda ya koyar a Padua kafin a gina ɗakin, shi ya riƙe wuƙa da hannunsa ya nuna cewa Galen dabbobi ya feɗe, don haka ya yi kurakurai da yawa game da jikin mutum. Littafin Vesalius ya fito a 1543, shekarar da na Copernicus ya fito yana cewa ƙasa ce ke zagaya rana.

Mai yi mana jagora ta ba mu dariya da zancen bashin Galileo. Mahaifinsa ya rasu a 1591, nauyin aurar da ƙannensa mata ya dawo kansa, albashin malamin lissafi kuma bai taka kara ya karya ba. Sai ya riƙa saukar da ɗalibai a gidansa suna biya, ya ajiye maƙeri suna ƙera kayan awo suna sayarwa. Ƙanena ya taɓa ni ya ce, "Yaya, ka ji ɗan'uwanka babban wa." Wannan sabo da aikin hannu shi ya yi masa rana a 1609, da labari ya iso cewa a Holan an haɗa wani madubi mai jawo nesa kusa. Ya zauna ya goge gilasansa da kansa. A watan Agusta ya hau da dattawan Venice hasumiyar San Marco, suka hango jiragen ruwa tun kafin ido ya iya ganinsu, aka mai da albashinsa florin 1,000, kuɗin wancan zamani, har ƙarshen rayuwa. Su tsaro da kasuwanci suka gani. Shi kuwa sai ya ɗaga madubin sama.

Don ganin madubin muka nufi Florence. Gidan tarihin da ke ɗauke da sunansa yana bakin kogin Arno, kuma biyu daga cikin maduban da ya ƙera suna nan cikin gilashi. Ɗaya an naɗe shi da fata mai zanen zinare, ɗaya katako ne da takarda, kaurinsu bai wuce na taɓarya ba. Mafi ƙarfinsu yana girmama abu wajen ninki 20, kuma ƙofar ganinsa ƙarama ce har ba ya ɗaukar wata gaba ɗayansa a leƙo guda. Da irin wannan ya ga duwatsu da ramuka a jikin wata, ya duba kaza da 'ya'yanta ya zana ƙarin taurari 36 da ido bai taɓa gani ba. Ran 7 ga Janairun 1610 ya ga wasu ƙananan taurari uku kusa da Mushtari (Jupiter), ya ci gaba da zana matsayinsu dare bayan dare, suka zama huɗu, ya gane zagaya Mushtari suke yi. Ke nan ba komai ne ke zagaya ƙasa ba. Kafin shekarar ta ƙare ya ga Zara tana cika tana raguwa yadda wata ke yi, abin da tsohon tsarin Ptolemy, mai cewa komai ƙasa yake zagayawa, ba zai iya bayyanawa ba.

Wani abokin aikinsa a Padua, Cesare Cremonini, ya ƙi leƙa madubin sam. Ni dai ban cika yi wa masu shakka na wancan zamani dariya ba, don gilashin dishi-dishi ne, kuma babu wanda ya riga ya tabbatar cewa ba ya yaudarar ido. Amma shakka daban, ƙin dubawa daban.

Jama'a sun fi taruwa a gaban maduban, ni kuwa wani dogon katako mai gangara ne ya riƙe ni, wanda aka ƙera shekaru da yawa bayan rasuwarsa don nuna gwajinsa. An jera masa ƙananan ƙararrawa, tazarar da ke tsakaninsu tana ƙaruwa, 1, 3, 5, 7, amma idan ƙwallo ya gangaro sai su kaɗa a daidai lokaci ɗaya bayan ɗaya. Abu mai faɗowa ya fi ƙarfin ido, shi ya sa Galileo ya rage masa gudu da gangara. Agogon kirki babu, sai ya bar ruwa na zuba ta siririn bututu, ya auna nauyin abin da ya taru. Ya gano in lokaci ya ninka biyu, nisa ya ninka huɗu, in ya ninka uku, nisa ya ninka tara. A ganina nan ne ainihin juyin yake, ya fi na madubi: an daina tambayar me Aristotle, masanin Girka na da, ya ce game da motsi, an koma aunawa. Pisa ba mu je ba. Labarin cewa Galileo ya jefo ƙwallaye daga karkatacciyar hasumiyar garin daga almajirinsa Viviani ya fito, kuma masana tarihi da yawa ba su gamsu da shi ba.

Galileo ma yana da taurin kansa. Masanin taurari Kepler, da ya yi aiki da awon taurarin da Tycho Brahe ya tara, a Prague, ya nuna a 1609 cewa hanyar Mirrihu (Mars) ba cikakkiyar da'ira ba ce, ta ɗan ja tsawo. Galileo bai karɓa ba. Kepler ya ce wata ne ke jawo cika da janyewar teku, Galileo ya raina maganar, alhali Kepler ne da gaskiya.

Da yamma muka hau tudun Arcetri, kudu da gari, hanya siririya tsakanin katangu da itatuwan zaitun. A nan aka tsare Galileo a gida bayan shari'ar da kotun coci ta yi masa a Roma a 1633, inda aka tilasta masa janye maganarsa cewa ƙasa ce ke zagaya rana. 'Yarsa Maria Celeste, wadda ke zaune a gidan ibadar mata kusa da shi, ta rasu a 1634. Idonsa na mutuwa ya kammala littafinsa kan motsi da ƙarfin kayan gini, aka fitar da rubutun zuwa Leiden ta Holan, aka buga a 1638. Ya rasu a 1642, sai a 1737 aka yarda aka mai da gawarsa babban kabari a cocin Santa Croce, daura da na mai zane da sassaƙa Michelangelo. Wajen wannan ƙaura ne masoyansa suka cire masa yatsu uku da haƙori. Ɗan yatsan tsakiya yana nan a gidan tarihin cikin ƙoƙon gilashi, mutane na ta ɗaukarsa hoto. Ƙanena ya ce in tsaya ya ɗauke ni kusa da shi, na ce a'a, wannan kam a kai kasuwa.