Abin da tukunyar makaranta ta koya mini kan girki ba nama

Shekara bakwai na yi ina aikin girki a wata makarantar kwana ta 'yan mata a Marwa, cikin Arewacin Kamaru, kuma babu ranar da ta tsaya mini a rai kamar ranar da ma'ajin makarantar ya kira mu ya ce kuɗin cefane ba zai ƙara ɗaukar nama sau uku a mako ba, sai dai sau ɗaya, ranar Juma'a. Ba mu yi masa gardama ba, domin mu ma muna shiga kasuwa, mun san yadda kuɗin kilo yake hawa, duk da cewa garkunan shanu daga Cadi suna ratsa yankin nan a kan hanyarsu ta zuwa Najeriya da kudancin Kamaru. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, ni da nake ganin na iya girki, ashe da nama kaɗai na iya shi.

Washegari na ɗora miyar tumatir yadda na saba, na cire naman kawai, na ninka dunƙulen Maggi, ina ganin magana ta ƙare. Kwanuka suka dawo da fiye da rabin miyar, kuma kafin la'asar ɗalibai sun raɗa mata suna miyar marayu. Da na ɗanɗana abin da ya rage a gindin tukunya ban ga laifinsu ba: gishiri ya yi yawa, ruwa yana gefe, mai yana gefe, ba abin da ya haɗa su. Shugabar madafarmu, wata dattijuwa Bafulatana da kowa yake kira Dada, ta tsoma ludayi ta ɗaga, ta bar miyar ta tsiyaye, sannan ta ce mini: "'Yata, kin cire nama, to me kika sa a gurbinsa? Nama ba ado yake yi a tukunya ba, aiki yake yi." Na ce, "Dada, ai na ƙara magi." Ba ta amsa mini ba, ta dai ce gobe in zo da wuri, in taho da albasa kwando guda.

A kan albasar nan na fara koyon aikina daga farko. Marwa garin albasa ne, lambunan Meskin da na gefen Mayo Kaliyawo suna cika kasuwa da ita da rani har ta yi araha, amma ni a da ina jefa ta cikin mai ne ta yi minti biyu, in kwara tumatir a kai. Dada ta yanka ninki uku na abin da na saba yankawa, ta rage wuta, ta tsaya a kanta tana juyawa kusan sulusin awa, har ta narke ta koma launin dabino. Ba ta zuba ruwa ba tukuna. Sai da ta daka daddawa da tafarnuwa da citta da ɗan masoro, ta zuba su cikin man nan suka soyu tare, ƙamshi ya fita har filin makaranta, sannan tumatir ya shiga, shi ma aka bar shi ya ƙone ruwansa har mai ya taso. Mai girki da nama tana iya yin gaggawa a wannan mataki ba a gane ba, domin romo yana rufa mata asiri. Wadda ba ta da nama ba ta da wannan rufin asiri, kuma rabin daɗin miyarta yana cikin wannan sulusin awa da yawancinmu muke ganin ɓata itace ne.

Daddawa kuwa sai da na canza ra'ayina a kanta gaba ɗaya. Na taso ina ganin ta abin ƙauye, abin da ake sa wa miyar kuka kaɗai, kuma ina ƙyamar wadda ake yi da 'ya'yan yakuwa, wato daddawar batso, wadda Fulanin nan suke kira mbuja, saboda ƙarfin warinta. Daga baya, a wani ɗan kwas na kwana biyar kan abinci mai gina jiki da aka tura mu, na ji bayanin da ya warware mini abin da Dada ta sani da hannu. A shekarar 1908 wani masanin kimiyya ɗan Japan, Kikunae Ikeda, ya gano cewa ɗanɗanon nan mai gamsarwa da ake ji a romo yana fitowa ne daga wani sinadari da ake kira gulutamet. Shi ne ake haɗawa a masana'anta a sa cikin dunƙulen miya, kuma shi ne yake fitowa da kansa idan aka rufe dafaffiyar kalwa ko 'ya'yan yakuwa na wasu kwanaki suka ruɓa yadda ake so. A gabashin Cadi da Darfur ana yin irin wannan da ganyen tafasa, ana kiransa kawal, kuma mutanen can sun daɗe suna sa shi a miya a madadin nama. Bambancin da ya dame ni shi ne, dunƙulen kanti mafi yawansa gishiri ne, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini. Wanda likita ya ce ya rage nama saboda hawan jini, ya koma ya ninka dunƙule don miya ta yi daɗi, ya gudu ne bai tsira ba.

Bayan ɗanɗano sai jikin miya, kuma a nan ne miyar yakuwa da gyaɗa, wadda duk Arewacin Kamaru ya sani da suna folere, ta zama abin da muka fi dogara da shi. Ga yadda muka daidaita ta bayan gwaji da yawa. Ana jiƙa wake tun dare, a dafa shi daban har ya yi laushi amma bai fashe ba. Ana tafasa ganyen yakuwa a zubar da ruwan farko, domin tsaminsa idan ya yi yawa yana danne komai. A tukunyar miya, bayan albasa da daddawa sun soyu, ana dama markaɗaɗɗiyar gyaɗa da ruwan ɗumi a zuba, a bar ta ta dahu a kan ƙaramar wuta har mai ya fara tasowa a samanta, domin gyaɗar da ba ta dahu ba tana da gafi kuma tana ɓata ciki. Sai wake ya shiga da ɗan ruwan dahuwarsa, yakuwa ta biyo baya, attaruhu ya zo a ƙarshe. Da tuwon masakwa, dawar nan ta rani da ake dasawa a ƙasar laka da ake kira karal bayan damina a girbe ta wajen Janairu da Fabrairu, wannan miya ba ta taɓa dawo mana a kwano ba. Haka muka riƙa yi da zogale da tafasa, wani lokaci mu musanya gyaɗa da soyayyen riɗi. Miyar kuka da ta karkashi kuwa, surfaffen wake muke dafawa ya narke a cikin ruwan miyar kafin a kaɗa, sai ta yi kauri da gardi.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne abin taunawa. Mutum yana iya yaba miya, amma hannunsa yana laluben wani abu a cikin kwano, kuma idan bai samu ba sai ya tashi yana jin kamar an rage masa wani abu. Na ce awara za ta yi wannan aiki, tunda waken soya ya samu shiga a gonakin yankin nan. Na jiƙa, na kai niƙa, na tace, na tafasa madarar, na zuba ruwan tsami ta dunƙule, na yanka ta tana da taushi na zuba cikin miya tana tafasa. Kafin a sauke ta watse ta zama kamar dusa, na yi asarar wake mudu biyar da aikin yini guda, kuma ranar ma'aji bai yi mini magana mai daɗi ba. Wata mai sayar da awara a bakin ƙofar makaranta ce ta gyara mini kuskurena. Dole a ɗaure ta a ƙyalle a danne da dutse har ruwan ya tsane sosai, a yanka, a barbaɗa gishiri da yaji, a soya har bayanta ya yi ja ya yi tauri, sannan a sa ta cikin miya minti goma kafin saukewa don ta sha romo ba tare da ta farfashe ba. Ƙosai ma yana yin wannan aiki idan ya kwana ya ɗan bushe, haka yalo da aka yanka manya aka soya daban, haka kabewa a miyar taushe idan ba a bari ta narke duka ba.

Sauran abincin ba su buƙaci dogon nazari ba, domin tun asali babu nama a cikinsu kuma babu wanda ya taɓa yin ƙorafi: ɗanwake da mai da yaji da dafaffen ƙwai, dambun zogale, alale, kwaɗon tafasa da ƙuli-ƙuli, shinkafar garin Yagwa da wake da soyayyar albasa a kai. Abin mamaki shi ne babu ɗalibar da ta taɓa kiran ɗanwake abincin marayu. Daga nan na daina cewa "yau babu nama" idan ana rabo, na koma faɗin sunan abincin kawai.

Iyaye sun tambaya ko 'ya'yansu ba za su rame ba, kuma tambaya ce da ta cancanci amsa ta gaskiya. A giram 100 na busasshen wake akwai kimanin giram 23 na sinadarin gina jiki, a gyaɗa kimanin 25, a waken soya kimanin 36, ɗanyen naman sa kuwa wajen 20, sai dai wake yana shan ruwa ya ninka nauyinsa idan ya dahu, don haka dole a zuba shi da yawa, ba a yayyafa shi kamar ado ba. Hatsi yana da ƙarancin wani ɓangare na sinadarin da wake yake da shi a wadace, shi ma waken yana da ƙarancin wani da hatsi yake da shi, shi ya sa haɗin tuwo da miyar wake, ko shinkafa da wake, yake cika abin da kowannensu ya rasa. Inda aka fi buƙatar kula shi ne ƙarancin jini, musamman ga 'yan mata masu tasowa, domin sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da ganye ba ya shiga jiki da sauƙi kamar na nama. Lemun tsami, ɗanyen tumatir ko kunun kuka tare da abinci suna taimaka masa ya shiga, shayi kuwa yana hana shi, don haka muka raba lokacin shayi da lokacin cin abinci. Akwai kuma bitamin B12 wanda tsiro ba ya bayarwa, sai nama, kifi, ƙwai ko nono, kuma saboda haka ne ban taɓa yarda a cire kindirmo da ƙwai daga cefane ba, ko da kuɗi ya yi ƙasa. Gyaɗa ma sai an tsince ta, a zubar da duk wadda ta yi fumfuna ko ta yi ɗaci, domin gubar da ke cikinta tana cutar da hanta kuma dahuwa ba ta kashe ta.

Wuri ɗaya ne muka saɓa da Dada har ta bar aiki ba mu daidaita ba, wato kanwa. Ita tana zuba ta da yawa don wake ya yi saurin dahuwa a rage itace, ni kuma na koyo cewa yawanta yana lalata wasu bitamin na cikin waken, ga shi tana dushe ɗanɗanonsa. Na nuna mata cewa jiƙon dare yana rage lokacin dahuwa ƙwarai, ta ce, "'Yata, tun ba a haife ki ba nake dafa wake." Na ce, "Haka ne, Dada," na ci gaba da jiƙa wakena tun bayan isha'i, ita kuma ranar girkinta ta ci gaba da zuba kanwarta.

Abin da na kasa warwarewa har yau ba a tukunya yake ba. Hausawa suna cewa tuwon girma miyarsa nama, kuma maganar tana da nauyi a zukatanmu fiye da yadda muke zato. A gidana yanzu muna cin nama sau biyu a mako, maigida ya saba, har yakan tambayi folere da wake da bakinsa. Amma ranar da ƙanin mahaifinsa ya zo daga Garwa, na riga na gama miyar yakuwa wadda na san ba ta da makusa, na tsaya ina kallon kwanon da za a kai masa, na kasa rufe shi. Na aiki yaro wurin mahauci ya sayo mini rubu'in kilo, na soya shi da sauri, na jera yanka huɗu a saman miyar, sannan na ɗora faifai na ce a kai wa Baffa.